Sahur ɗin haya: wata guda ina cin girkin wata Hajiya ina auna jinina

Uwargida ta haihu saura kwana tara a kama azumi. Washegarin suna 'yan uwanta suka zo da mota suka kwashe ta da jaririyar sai Gumel, wankan jego. Aka bar ni da gida da tukwane da tukunyar gas. Buɗa-baki ba abin damuwa ba ne a Kano, ko a masallacin unguwa ka tsaya ba za ka kwana da yunwa ba. Sahur ne tashin hankalin. Ni kuwa iyakar gwanintata a kicin ita ce dafa ruwan shayi da Indomie.

Wani abokin aikina ne ya turo min sitatus ɗin wata Hajiya da ke wajen Hotoro. Tana dafa sahur, yaro ya kawo maka a babur har ƙofar gida tsakanin ƙarfe huɗu da huɗu da rabi, ka biya na mako ko na wata. Na biya na wata, naira dubu sittin da biyar har da kuɗin kawowa. Ba zan faɗi sunanta ko na kicin ɗinta ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan rubuta, kuma ba na son in taɓa wa baiwar Allah kasuwa.

Sana'ata gwajin jini, shekara goma sha ɗaya ke nan ina lab. Ina da 'yar na'urar auna sukari tawa ta kaina, da kwalin tsinken gwaji da ya kusa lalacewa a durowa. Sai na ce maimakon in zubar, bari in ƙarar da shi a kan girkin Hajiya: in soki yatsa awa ɗaya bayan sahur, in sake da ƙarfe goma na safe, in sake bayan la'asar. Na tambayi malamin da ke mana tafsiri ko ɗigon jinin zai taɓa azumi, ya ce bai taɓawa. Saboda haka abin da za ku karanta na baki ne da na yatsa, na mutum ɗaya mai kilo 78 wanda ba shi da ciwon sukari.

Daren farko yaron ya ƙwanƙwasa huɗu da kwata. Jallof ɗin shinkafa, cinyar kaza soyayya, da gorar kunun gyaɗa mai ɗumi. Ba a cewa komai. Shinkafar warwar, ta sha kayan ƙamshi, har da ɗan ƙamshin itace da ba ka samu a girkin gas. Kunun kuwa kamar zuma, na shanye gorar tas ina santi ni kaɗai a falo. Awa ɗaya bayan nan na'ura ta nuna 152 (a wannan ma'auni, sukarin wanda ya kwana bai ci ba tsakanin 70 da 99 yake). Ƙarfe goma ta nuna 74, kuma ba sai na'ura ta gaya min ba: cikina na kiran ciroma, hamma ta ƙi tsayawa, ina kallon madubin ƙara girma idona na rufewa.

Abin da ya faru ba asiri ba ne. Farar shinkafa kusan duk sitaci ce, shi kuwa sitaci sukari ne da aka jera kamar carbi. Tun a baki miyau ke fara tsinke carbin, ƙaramin hanji ya ƙarasa, ƙwayoyin su zube cikin jini ɗaya-ɗaya a matsayin gulukos. To jinin babban mutum gaba ɗaya, wajen lita biyar, sukarin da ke yawo a cikinsa bai wuce giram huɗu ba, cokalin shayi guda ke nan. Ni kuma da asubar nan na aika masa da fiye da giram ɗari, mai saurin narkewa, a zama ɗaya. Dole a yi gaggawar kwashewa. Akwai wata 'yar gaɓa kwance a bayan tumbi, fankiriyas, ita ke sako insulin, shi kuma ya bi yana buɗe ƙofofin sito. Hanta ta ɗauka, tsoka ta ɗauka, su sake ɗaure sukarin dami-dami su ajiye. Damin nan shi ake kira gilaikojin, wanda wani likitan Faransa, Claude Bernard, ya fara warewa daga hanta a 1857. Matsalar ita ce in kaya suka shigo da gudu, insulin ma da gudu yake fitowa, wani lokaci ya kwashe fiye da kima. Sai ka ga mutum ya ci ya yi nak da asuba, hantsi bai gama dubawa ba ya fara lissafin awoyin da suka rage.

Dare na uku ne aka kawo ɗanwake, kuma a nan Hajiya ta saye ni.

Na daɗe da yanke ƙauna daga ɗanwaken sayarwa, domin yawanci alabo ne zalla aka shafa masa sunan wake. Nata kuwa da ka tauna ka ji waken. Ƙananan sakin hannu, ba ƙatti irin na masu sauri ba, da santsin kuka daidai, an yanka kabeji da tumatir da albasa a gefe, dafaffen ƙwai biyu, man gyaɗa soyayye a 'yar roba daban, yaji a ƙulli. Ko kallonsa ka yi ka san mai shi ta ba shi lokaci. Awa ɗaya bayan na ci: 117. Ƙarfe goma: 89. Ban tuna da cikina ba sai da aka kira azahar.

Wake ma yana da sitaci, amma nasa a kulle yake cikin ɓawo da dusar da hanji ba ya iya narkarwa, ga furotin a tare. Man da ƙwan kuma suna sa tumbi ya riƙa sakin abinci kaɗan-kaɗan maimakon ya juye shi gaba ɗaya. Sai sukarin ya riƙa shiga jini kamar ɗigon famfo, insulin ya bi shi a natse. Wannan bambanci na abinci mai gudu da mai tafiyar hawainiya shi David Jenkins da abokan aikinsa suka yi wa ma'auni a Jami'ar Toronto a 1981, kuma tun a lokacin dangin wake suna can ƙasa, farin burodi na can sama. Shinkafa da wake da mai da yaji da take kawowa ranar Talata ma haka ta yi min, duk da na so a ce waken ya fi haka yawa.

Wanda ya ba ni dariya shi ne ɗumame. Ranar da na buɗe na ga tuwon masara na jiya an ɗumama da miyar kuka, raina ya ɗan ɓaci, na ce kuɗina fa na biya. Amma ya riƙe ni fiye da jallof nesa ba kusa ba. Sitacin da aka dafa ya huce ya kwana, wani kaso nasa yana sake ƙullewa ta yadda ƙaramin hanji ba ya iya tsinke shi, ko da an sake ɗora shi a wuta. Kakata a ƙauye, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yin sahur da wani abu ba in ba ɗumame ba, kuma da azumin a bakinta take surfe. Miyar Hajiya ta ji daddawa da ɗan busasshen kifi. Na daina ƙorafi.

Sai dai ga abin da ni kaina, da nake wannan aiki kullum, sai da na gani a yatsana sannan ya zauna min. Awon bayan la'asar kusan ɗaya ne kowace rana. Ranar jallof 81, ranar ɗanwake 83, ranar ɗumame 80. Ko me na ci da asuba, zuwa yamma jini ya koma inda yake so.

Aikin hanta ne. Da sukarin jini ya fara sauka, fankiriyas ɗin nan dai sai ta sako wani sinadarin, gulukagon, wanda shi kishiyar insulin ne, ya ce wa hanta a kwance dami. Hanta na riƙe da wajen giram ɗari, tana sakinsa a hankali saboda masu buƙata ta dole. Ƙwaƙwalwa ce kan gaba: ba ta fi kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi ashirin na ƙarfinsa, wajen giram 120 na gulukos a yini. Jajayen ƙwayoyin jini kuma ba su da wani abinci sai shi. Tsoka ta fi hanta ajiya, tana da wajen giram ɗari huɗu, amma marowaciya ce ta gaske. Abin da ya shiga cinya na cinya ne, ba ta da mabuɗin da za ta mayar da shi cikin jini ko da ƙwaƙwalwa na kuka. Duk wannan ajiya in ka haɗa, ba ta wuce kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) dubu biyu ba, abincin yini ɗaya. Kuɗin aljihu ne.

Rumbun na gaskiya shi ne kitse. Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori huɗu yake bayarwa, na maiƙo tara. Kuma gilaikojin ba ya zama sai da ruwa, kowane giram yana jan wajen giram uku, shi ya sa jiki ba ya tara shi da yawa, kaya ne mai nauyi. Kitse kuwa a matse yake, kilo ɗaya na ɗauke da kalori kusan 7,700. Na shafa tumbina na yi lissafi: in kilo goma sha biyar ne kawai a jikina, kuma na san na yi wa kaina sassauci, ina yawo da kalori fiye da dubu ɗari. Tun kafin rana ta take tsoka ta koma cin kitsen nan ta bar wa ƙwaƙwalwa sukarin. Azumin awa goma sha uku da 'yan mintoci ko bakin rumbun bai taɓa ba.

To me ke kayar da mutum da ƙarfe uku na rana? Ƙishirwa. A nan ne ƙorafina na farko yake.

Hannun Hajiya yana da nauyi a gishiri da dunƙule. Ranar da ta kawo dafa-dukan taliya, daɗi kam ta yi, amma tun sha ɗaya harshena ya manne da ganda. Ga zafin Kano na watan Maris, ga janareton lab na hura nasa. Na auna sukari na ga 84, lafiya lau, amma kaina kamar ana daka sakwara. Gishirin da ya yi yawa sai ƙoda ta fitar da shi, kuma ba ta fitar da shi sai da ruwa, ruwan da ba ni da halin mayarwa sai magariba. Da daddare na kira ta.

Na ce, "Hajiya, barka da shan ruwa. Girki ba laifi, amma don Allah a rage min gishiri da dunƙule, kunun kuma a bar min shi ba sukari."

Ta yi dariya ta ce, "Malam, kai kaɗai ne ka taɓa ce min haka. In na rage, gobe wayata ba za ta huta ba, cewa za su yi Hajiya ta fara tsumulmula."

Na ce to nawa dai a ɗiba kafin a zuba. Ta ce miya tukunya ɗaya ce ba za ta iya ba, amma kunu za ta iya. Daga ranar kununa ke zuwa salam, da sukari a ƙullin leda a gefe, ni in zuba rabin cokali. Taliya da doya kuma, da yake ba miya ba ce, ta riƙa ɗibar min kafin zubi na ƙarshe. Wannan saurare da ta yi, a wurina, ya kai rabin kuɗin.

Ƙorafi na biyu shi ne lokaci, kuma shi ne mai girma, domin sahur ba abincin rana ba ne da za a ce a yi haƙuri yana hanya. Sau biyu yaron ya makara. Na farko ya iso ana kiran assalatu, na ci a tsaye. Na biyu, daren sha tara, har aka tayar da salla shiru, wayarsa a kashe. Sai da na fito masallaci na same shi a ƙofa yana tura babur, sarƙa ta tsinke masa a hanya. "Yallaɓai, wallahi tun huɗu saura na fito." Zufa ce a fuskarsa da asubar nan, ban iya ce masa komai ba. Na karɓa na sa a firij. Laifin ba nasa ba ne, na tsarin ne: yaro ɗaya, babur ɗaya, gidaje barkatai, ba wanda zai maye gurbi in an samu cikas. Ba ko mai kira ya ce ka nemi abin da za ka sa a bakinka.

Ranar nan ɗore na yi, kuma ta zame min gwajin da ban shirya ba. Rabona da abinci tun tara na dare. Ƙarfe goma na safe 85, bayan la'asar 77. Kusan awa ashirin ba loma, jini bai fita daga 70 zuwa 99 da muke rubutawa a takardar sakamakon wanda ya kwana bai ci ba. Ajiyar hanta takan kusa ƙarewa in aka doshi awa ashirin da huɗu, amma ba ta jira sai ta ga gindin tukunya. Tun kafin nan ta fara ƙera sabon sukari da kanta, daga guntun da ke fita in an fasa kitse, da tsamin da tsoka ke fitarwa, da ɗan furotin. Na sha wuya ranar, amma ta ruwa ce da ta rashin shayi. Hajiya ta kira da kanta ta ba da haƙuri, da magariba kuma sai ga yaron da farfesun kayan ciki kyauta.

Nama ba ta sakin hannu, yanka biyu ne ƙanana ranar tuwo. Abokin aikina ya yi ta mita a kai, ni bai dame ni ba. Jiki ba shi da rumbun furotin. Abin da ake buƙata na gyaran tsoka da jini a ɗauka, ragowar a cire masa sinadarin naitirojin a mayar da shi yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari, abin da nake aunawa kullum a gwajin ƙoda ke nan, sauran kuma a ƙone ko a ajiye. Ƙwai da wake da kindirmo sun toshe wannan gurbi. Furarta ta ranar Juma'a, ta gero mai citta da kanumfari, da kindirmo mai kauri ba tsala ba, tana cikin abubuwan da suka fi riƙe ni. Dambun zogale ma haka. Doya da ƙwai ce kawai na ce a daina kawo min, man ya yi yawa, ƙwannafi ya hana ni komawa barci.

Dambun ya tuno min da masu zuwa lab suna tambaya wane maganin ƙarin ƙarfi, wato bitamin, za su sha da azumi. Bitamin ba shi da kalori ko ɗaya. Gulukos da kitse ma ba su jiki ke kashewa kai tsaye ba, sai an kai su wasu 'yan murhu da ke cikin ƙwayoyin halitta, maitokondiriya, an ƙone su da iskar da muke shaƙa, an canza su zuwa ATP, wanda shi ne canjin da tsoka da jijiya ke karɓa. Zagayen da ake bi wajen ƙonawar, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937, shi ya hana mu barci a ajin biyu. Dangin bitamin B masu hura wutar ne, sinadarin ƙarfe kuma shi ke sa jini ya iya ɗauko iskar. In babu itace a murhu, mafici ba ya dafa komai.

Shi kuwa abokin aikin nawa, girki ɗaya muka ci wata guda, ni na sauke kilo ɗaya da rabi, shi ya ƙara biyu, yana ta zargin Hajiya. Na je gidansa shan ruwa sau ɗaya na ga inda gizo ke saƙar. Ƙosai, soyayyen dankali, kunu, lemon roba biyu masu sanyi, kafin a zo maganar tuwo. Lemon rabin lita ɗaya na ɗauke da sukari wajen giram hamsin, cokalin shayi goma sha biyu. Hanta da tsoka in sun cika sun cika, abin da ya yi saura hanta ta juya shi kitse, man suyar kuma dama hanyar rumbu ya sani. Rumbun nan ba ya cewa ya ƙoshi.

Abu ɗaya da nake ganin wajibi ne ta gyara, ya fi ma maganar babur: ba ta tambayar kowa lafiyarsa. Ka tura kuɗi, a sa ka a layi. Kunun da ya kai ni 152, ni da fankiriyas ɗina ke aiki, mai ciwon sukari zai iya kai shi inda ba a so. Wanda kuma ke shan magani ko allurar insulin, in yaro ya makara ya yi ɗore, hantarsa ba za ta iya ja da maganin ba yadda tawa ta riƙe ni. Likitoci na cewa mai ciwon sukari in ya auna ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya karya azumin nan take. Irin wannan mutum ya fara ganin likitansa tun Sha'aban, kuma kada ya jingina sahur ɗinsa da babur ɗin kowa. Na gaya mata, ta ce baɗi in Allah ya kai mu za ta riƙa tambaya.

Ga gwauro, ko ɗalibi, ko ma'aikacin da iyalinsa ke wani gari, dubu biyu da 'yan kai da na biya a rana ba tsada ba ce a wannan girki, in ka duba kuɗin gas da cefane da barcin da za ka samu. Zan sake yi in buƙata ta kama, da sharaɗi uku. A cire min jallof da taliya da doya daga jadawalin a ƙara ranakun wake da ɗumame da fura. In ba ta kulolina biyu ana musanya, domin robar da take zubawa ba ta riƙe zafi, tuwo kan iso ya fara sandarewa. Sannan in ajiye dabino da gyaɗa da fura a firij saboda ranar tsinkewar sarƙa.

Uwargida ta dawo kwana huɗu bayan salla. Ta tarar da robobi talatin na wanke na jera a kan kanta, ta tambayi labarinsu, na yi kuskuren yabon ɗanwaken da yawa. Ta ce a sayo ta ji. Na kira Hajiya, ta ce sahur ya ƙare amma za ta yi min na mutunci. Uwargida ta ci loma biyu, ta ce kanwa ta ɗan yi yawa kuma ita ba ta yanka kabeji manya haka. Na tashi ɗauko ruwa, na dawo na tarar da robar wayam, tana goge yaji da yatsa.